Rasuwar Latifatu, Kwale-kwalen Malam Garba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wando wanda har yanzu bai gama bushewa ba, Malam Garba masunci na unguwar Sa'alaba a Jidda yana sanar da 'yan uwa rasuwar kwale-kwalensa, Latifatu.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta da cin mai, kuma ba ta taɓa dawo da shi gida hannu rabbana ba. Kowa a bakin teku ya san gaisuwarta ta safe, "kuf, kuf, kuturrr," sai an ja igiyar injinta an lallashe ta kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa.

Ajalinta ya zo ne daga nesa. Wata babbar ƙasa ta Gabas ta yi kuɗi, ta dinga ƙera jiragen ruwan yaƙi ba ji ba gani, tana turo su Bahar Maliya don gadin hajarta. Manyan duniya suka kasa barci, amma Garba ko a jikinsa. Ran nan ɗaya daga cikin jiragen ya zo wucewa, toka-toka, tsayinsa ya kai unguwa guda. Shi kuwa Garba tarbiyyar gida gare shi, ba ya gaishe da baƙo a zaune. Ya matsar da Latifatu kusa, ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu biyu. Baƙo bai amsa ba, igiyar ruwansa ce ta amsa. Latifatu ta ce "ƙarrrass," shi ke nan. Maƙwabta suka tsamo Garba da takalmi ƙafa ɗaya.

Ta rasu ta bar koma biyu, da bokitin kwasar ruwa, da Dela uwargida, wadda ta ce da ma ta faɗa masa ba kowa ake yi wa maraba ba. Wallahi abin da ciwo, don sana'ar ta bi ta.

Jana'iza dai teku ta riga ta yi. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida bayan la'asar, akwai shayi, babu kifi. A daure a zo kafin Asabar, don kafilinsa Sa'ud, mai riƙe da takardun zamansa a ƙasar, ya ce magana ta ƙare, ranar Garba zai fara dako a wani sito a unguwar Khumra. Kwalayen da zai ɗauka duk daga ƙasar baƙon suke.