Akwatin Munira da Bawan da Zai Tafi

"...ya gajiyar hanya kuma?"

"Tana gaishe ki, tunda ke kin ka aiko ta," in ji Nu'uman, yana share zufa da hularsa.

Daga Birnin Kebbi ya taso a kan babur cikin zafin azahar, zuwa shagon Munira a Argungu, inda take haɗa bidiyon biki da na suna. Taubasai ne. Ita 'yar kawunsa ce, shi ɗan gwaggonta, don haka a wasan gida shi bawa ne, ita uwargijiya. A ƙarƙashin teburinta akwai baƙin akwatin ajiya da ya haɗa mata, wanda bidiyon mutane ke shiga daga kwamfuta. Duk sanda aka ɗauke wuta sai lambar kwamfutar ta sauya, akwatin ya daina karɓar aiki har sai an shiga cikinsa an gyara layi guda. Nu'uman ne mai gyarawa, ga shi ranar Asabar zai tafi sabon aiki a Legas.

"Bawa, ka makara," in ji Munira. "Maman Wuraola na jiran bidiyon ɗiyarta, akwatinka ya yi yaji."

Ya jawo kujera, ya duba allon. "Uwargijiya, wa ya zuba wanga shirme cikin layin?"

"Aljanu."

"Aljanu masu lalle a yatsa?"

"To ni ce. Na shiga abin rubutun nan naka, vi kake ce mai ko mi? Na danna, ya ƙi rubutu. Na ce to in hita, ya ƙi. Gurar kamun kihi ce ka girka min: shiga ba wuya, hita sai a tukunya."

"Sai kin ka yi mi?"

"Na zare wayar wuta."

Nu'uman ya dafe kai. "Da Kawu ya san haka, da kihi ya haiha, ko ba komai a ci da tuwo."

"Da Gwaggo ta san karatun da kat tahi nema na wahalar da mutane ne, da Ambursa ta kai ka noman shinkahwa."

Ya share shirmen, ya buga wani umarni, wani ɗan layi ya fara rarrafe a allon.

"Mi kuma kake sauke min?"

"Wani abin rubutu, nano. Na 'yan koyo ne. Yana rubuta miki a ƙasa inda za ki danna ki adana, da inda za ki danna ki hita."

"Au! Dama akwai mai ƙohwa, ka bar ni da gura duk wanga lokaci?"

"Ban ɗauka hankalinki ya kai ƙohwa ba."

"Ƙarya kake. Miyar kihin gidanmu ke kawo ka. Sabo turken wawa."

"Awo, wawan ya tsinke turke. Asabar sai Legas."

Layin ya tsaya cak a rabi, intanet ta yi sanyi. Munira ta ɗauki mafici tana fifita kanta, shi ko oho. Suka zuba wa allon ido kamar masu jiran kwalekwale.

"Ba na so," ta ce can. "Cire shi. Wa ya ga uwargijiya da aikin bawa?"

"In na cire, wa zai gyara miki?"

"Ka taho daga Legas."

"A kan wanga babur? Sai amaren sun yi jikoki."

"To in kira ka a waya."

"Ina gaban maigidan aiki, ki ce in hwaɗa miki harahi-harahi? Munira, na gaji. Ke ma kin gaji da jirana."

Sunanta da ya kira ya sa ta ajiye maficin. Layin ya motsa, ya cika. Nu'uman ya tashi daga kujerar, ya koma bakin ƙofa, ya naɗe hannu.

"Zauna. Ba ni taɓa komai."

"Bawa na ba da umarni. Duniya ta zo ƙarshe."

"Ba a koyon iyo a tudu. Ke ɗiyar Argungu ce, shiga."

Ta zauna. Da yatsa guda ta buɗe fayil ɗin da layin yake ciki, tana karanta sabuwar lambar daga wata 'yar takarda a bayyane kamar mai tilawa. Ta goge tsohuwar lamba, ta sa sabuwa, ta yi kuskure, ta gyara da kanta.

"Yanzu hwa?"

"Kar ki dube ni. Dubi ƙasan allo."

Ta matso da fuska, ta karanta, ta danna. Allon ya tambaye ta ko ya adana, ta amsa. Ta sake dannawa, sai ga ta a waje. Ƙarƙashin tebur, koriyar fitilar akwatin ta fara ƙyaftawa, bidiyon ɗiyar Maman Wuraola ya kama shiga.

"Shi ke nan?" in ji Munira. "Wannan ne kake shigowa kana huci kamar ka haƙa rijiya?"

"Shi ke nan."

"Ashe raggon bawa gare ni."

"Ashe."

Ta yi dariya a gajiye, ta sunkuya bayan tebur, ta jawo wani ƙunshi da aka ɗaure tam da igiya. Ƙamshin bandar kifi ya cika shagon.

"Ungo. Na 'yanta ka. Wa zai ci gaba da ciyar da bawan da aikinsa layi guda ne?"

Ya juya ƙunshin, ya ga an naɗe shi cikin leda biyu, irin ɗaurin doguwar tafiya.

"Yaushe kin ka ɗaure wannan?"

"Tahi, kahin in sake shawara."