Wankin da Na Kai Ɗakin Masoya

Yau da safe ina cikin layin ruwa a ƙofar gidan mai rijiyar burtsatse, ni ce ta goma sha bakwai, jarkokina biyu a gabana, sai ga Gwaggo, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, tana tafe tana kaɗa jarida kamar mai korar ƙuda.

"'Yar nan, zo ki ga zanena. Ya shiga jarida."

Na karɓa na duba. Zanenta ne kuwa, rawaya mai hoton kifi, a rataye yana ɗiga. Kusa da shi singiletin maigidana, sai rigunan makarantar 'yan biyun gidan gaba. A ƙarƙashin shanyar manya ne sun kai talatin a jere, kowa na murmushi. Kafin in ɗago kai wata ta tsallake jarkata, na koma ta goma sha takwas. Ban ce mata komai ba. Ni dama haka nake, abin da bakina ya kasa faɗa shi nake kawo muku nan. To ku gyara zama ku ji yadda wankin unguwarmu ya samu wannan ɗaukaka.

Maigidana mai gyaran famfo ne. Injiniya 'yan unguwa suke ce masa, rabi girmamawa rabi tsokana, don shekara biyu ke nan famfon gidansa bai ɗiga ba, haka na duk layinmu. Gizo-gizon da ya yi saƙa a bakin namu ya haihu a nan, har ya aurar. Kwanakin baya bututu ya fashe a wani babban otal na tsakiyar gari, irin wanda hularka za ta faɗi kafin ka ga ƙarshen tsayinsa. Maigida ya yi kwana biyu yana fama da shi har ya gyaru. Manajan ya ji daɗi, ya ba shi wani kati mai ƙyalli: kwana ɗaya kyauta a ɗakin masoya, shi da iyalinsa.

"Amarya, ki shirya," in ji shi. Shekararmu uku da aure da 'ya ɗaya, amma ranar da yake cikin nishaɗi amarya nake komawa. "Za mu kai yarinya wurin Inna. Ke ma ki ga yadda mutane suke rayuwa."

Kuskuren da ya yi ɗaya ne. Ya zauna a shagon mai aski ya ba da labarin cewa ya ga an kafa ƙyalle a ƙofar otal ɗin: za a yi taron bita na kwana uku kan tsimin ruwa, a ƙarƙashin Mai Girma Jagoran Yaƙi da Ƙishirwa, Allah ya ƙara masa lafiya da ruwan sanyi. Wannan bawan Allah ya taɓa zuwa layinmu sau ɗaya, ya tsaya kan benci ya ce ruwa zai ishe mu har mu riƙa roƙo a rage. Muna nan muna jiran ranar roƙon.

Kafin la'asar Malam, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, ya rubuta wa Mai Girma takardar koke a kan rashin ruwa, gida arba'in da ɗaya suka dangwala hannu. Aka kai wa maigida, ya ja da baya.

"Ku rufa mini asiri. Ni so nake a ci gaba da kirana aiki a can. Ba a tare baƙon otal da takarda."

Sai matan suka zagayo ta ƙofar baya, suka same ni a kan keken ɗinki.

"Ni?" na ce. "Gwaggo, ni da ko mai awo ya tauye ni ba na iya magana?"

"Shi ya sa. Wa zai zarge ki? Ki miƙa kawai, ba sai kin buɗe baki ba."

Haka takardar ta shiga jakata, ni kuma barci ya fita daga idona.

Ba mu da akwatin tafiya, Gwaggo ta ara mana nata mai taya. Na ja, na ji ya ƙi.

"Gwaggo, akwai kaya a ciki."

"Na sani. Ba an ce ruwa ba ya ɗaukewa a can ba? Zannuwa huɗu ne kawai, ba za su hana ku soyayya ba."

Maman 'Yan Biyu ta ji labari ta kawo rigunan makaranta. Ni ma, tsakani da Allah, na tura namu a gefe har da labule. Ban gaya wa maigida ba.

Abin da ya fara tsayar da ni a ƙofar otal ɗin ba ginin ba ne. Ruwa ne yake tashi sama daga bakin wani kifin dutse, ya faɗo, ya sake tashi, kuma babu ko mutum ɗaya a ƙarƙashinsa da bokiti. Na tsaya ina kallo sai da maigida ya ja gefen mayafina. Wani dattijon ma'aikaci ya ɗaga akwatinmu, ya ajiye, ya dube ni.

"Hajiya, kwana ɗaya ne ko wata ɗaya?"

Yayin da maigida yake cika takarda a gaban kanta, na lallaɓa na bi kibiyar da ta nuna zauren taro. A bakin ƙofa akwai wani mai kwat riƙe da jerin sunaye.

"Daga wace ƙungiya?"

"Daga unguwa," na ce, ni kaina da ƙyar na ji muryata.

"Sai masu katin gayyata."

Na ce to, na gode. Amma kafin ya rufe ƙofar na leƙa. Kowane tebur cike yake da robobin ruwa, an sha rabi an buɗe sabo. A gaba wani masani yana nuna wa manya a majigi yadda talaka zai wanke hannu da kofi ɗaya. Allah ya saka musu da alheri. Mu da muke wanka da kwano uku, mu tare ruwan mu wanke tsumma, mu ƙarasa shi a bayan gida, ashe duk ba mu iya ba, sai an kama otal an tattauna a kanmu.

Na dawo da takardata a jaka, na ce a raina gobe ma rana ce ta taro.

Ɗakin masoya yana hawa na ɗaya. Gadon zai ɗauki mutanen gidanmu da na gidan Gwaggo. A kansa an naɗe tawul biyu kamar agwagi suna haɗa baki, an watsa jajayen furanni. Sanyi ko'ina, ƙamshi ko'ina. Maigida ya cire hula, ya sassauta murya irin yadda rabon da in ji tun muna zance.

"Amarya, yau ba girki, ba ɗinki, ba ɗibar ruwa. Hutawa kawai."

Na ce to. Da gaske nake nufi. Sai na shiga banɗaki in wanke fuska.

Jama'a, wani baho ne fari da mutum biyu za su miƙe a ciki, an cika shi da ruwan ɗumi, furanni suna yawo a sama, kyandirori a gefe. Na murɗa famfo don in gwada kawai. Ya zo da ƙarfinsa, ba tari, ba shaƙuwa, ba jan ƙasa. Na rufe, na sake buɗewa, ya sake zuwa. Na ji idona ya kawo ƙwalla.

Na tsame furannin ɗaya bayan ɗaya na zuba a kofi don kada su lalace. Na jawo akwati.

"Me kike yi?"

"Minti goma kawai, maigida."

Ya leƙo ya ga zanen Gwaggo ya nutse inda furanni suke. Ya koma ya zauna bakin gado tare da agwagin. Ina jin sa yana canza tashar talabijin, yana sakin ajiyar zuciya don in ji. Can sai ga shi ya naɗe hannun riga.

"Matsa. Haka ake matse labule? Za ki karya hannu a banza."

Tun daga la'asar har rana ta faɗi, ni ina cuɗawa, shi yana ɗaurayewa yana matsewa. Muka yi hirar da shekara biyu ba mu yi ba, don a gida in ya dawo ina layi, in na dawo ya yi barci. Ya gaya mini ashe wandon da ya fara kawo mini ɗinki kafin aurenmu shi ya yaga shi da hannunsa. Na watsa masa kumfa, ya rama. In masu otal suna neman shaida, ni zan ba da: ɗakin ya ci sunansa.

Masu nauyin muka jiƙa su suka kwana. Da safe muka ɗauraye, maigida ya ciro waya daga jakar aikinsa, wadda ko ɗakin masoya bai yarda ya bari a gida ba, ya ɗaure ta daga wannan ƙarshen baranda zuwa wancan. Muka shanya, muka koma ciki muna karin kumallo kamar manya. Wa ya gaya mana cewa a lambun da ke ƙarƙashin barandarmu ake ɗaukar hoton rufe taro?

Ba mu gama shayi ba aka buga ƙofa. Manaja ne, tare da wani dogon mutum mai riƙe wa Mai Girma wayoyinsa.

"Injiniya, haka za mu yi da kai?" in ji manaja.

Ashe zanen Gwaggo yana zuba. Ruwan rawaya ya ɗiga sau uku a kafaɗar farar rigar Mai Girma, a daidai lokacin da aka ce kowa ya yi murmushi. Mai wayoyi ya ce wanda ya yi wannan aiki ya sauko ya ba da haƙuri da bakinsa. Na dubi maigida, na ga yana ganin aikinsa yana tafiya.

"Ni ce," na ce. Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ɗauki jakata.

A lambu an zaunar da Mai Girma a kujera, mutum biyu suna goge masa kafaɗa da ruwan roba. Na ƙirga roba huɗu a ƙasa. Na durƙusa na gaishe shi, idona a kan takalminsa.

"Ke ce mai shanya?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. A yi haƙuri."

"Ba ki da gida ne?"

"Ina da shi."

"To me ya kawo wanki otal?"

Na nemi wata magana mai kyau irin ta Malam, ban samu ba. Sai na faɗi wadda nake da ita.

"Ranka ya daɗe, a nan ruwan yake."

Mai Girma ya dube ni, ya dubi masu ɗaukar hoto da suka matso, sai ya fashe da dariya. Da ya yi dariya kowa ya tuna abin dariya ne, har manaja. Ni kuma na ciro takardar na miƙa da hannu biyu.

"Kada ki saki tukuna," ya ce. Muka riƙe ta tare aka ɗauka sau biyar. Sannan ya juya ga jama'a. "Kun gani? Abin da nake faɗa ke nan tun shekaranjiya. A saurari mata."

Aka tafa. Ya miƙa wa mai wayoyi takardar, shi ya miƙa wa na bayansa, na baya ya miƙa wa wani. Ganin ƙarshe da na yi mata, wani mai ƙiba yana fifita da ita. Amma dai ta shiga hannu, maigida bai rasa aikinsa ba, kuma mun dawo unguwa da kaya fes. Kwana shida ina jaruma. Mai awo ma ya cika mini mudu har ya ɗora.

Sai yau. Abin da aka rubuta a ƙarƙashin zanen Gwaggo shi ne: "Ruwa ya fara wadata, mata na wanki ba fargaba." Malam ya naɗe jaridar, ya sa rigarsa ta zuwa ofis, ya tafi bin sawun kokenmu tun da hantsi. Da azahar ya dawo yana jan ƙafa, muka kewaye shi.

"Sun ga takardar, Malam?"

"Sun gani. Har sun yi aiki a kanta."

"Alhamdu lillahi. Yaushe za a sako ruwan?"

"An cire sunan unguwarmu daga jerin masu jira, an mayar da shi jerin waɗanda suka amfana. Suka ce mace daga layinmu ta wanke zannuwa huɗu da labule a gaban shaidu talatin. Har hoton suka nuna mini."

Ba wanda ya zage ni, gara ma a ce an zage ni. Maman 'Yan Biyu ta ɗauki jarkarta ta koma layi. Ni dai ina miƙa godiyar gida arba'in da ɗaya ga Mai Girma Jagoran Yaƙi da Ƙishirwa. Wasu sai sun haƙa ƙasa sun binne bututu kafin su kai wa unguwa ruwa, shi da hoto ɗaya ya gama da mu.

Malam ya ce ya ji za a sake wani taron a otal ɗin wata mai zuwa, don duba nasarar wancan. Gwaggo ta liƙa jaridar a bangon ɗakinta, ta leƙo ta katanga tana tambayar maigida ko bututun da ya gyara zai sake fashewa. Ya ce ina, aikinsa sai ya shekara goma.

"Kai dai ba ka iya sana'a ba," ta ce. "Ko ɗan yoyo ba ka bari ba?"

Ni dai akwatin har yanzu yana ɗakina, kuma na riga na ninke barguna biyu a ciki.