Tayoyin Sanyi da Maganar Rabi

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai amarya wani ƙauye kusa da Doguwa a motar Yaya Sabi'u ba. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi, daga baya kuma ƙirjina ya yi nauyi.

Farkon shekarun casa'in ne, ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Bebeji, ina saurayi mai siririn gashin baki da wando mai kari. Yaya Sabi'u ɗan wan babana ne. Ya yi karatu a Turai, ya dawo da wata jar mota mai ƙofa biyu, gajeriya, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Kana taɓa totur sai ta yi gurnani ta zabura. Mutanen garinmu, Ƙofa, suka laƙaba mata suna Barkono. Da aka mai da shi aiki Ikko sai ya miƙo min mukulli ya ce, "Ka riƙa ɗumama ta. Amma ka ga tayoyin nan sun suɗe, kada ka yi nisa da ita sai ka canja su."

To, akwai Rabi. 'Yar unguwarmu ce, tana makarantar horon malamai ta mata, sai hutu take zuwa gida. Na fi shekara ina sonta, so irin wanda yake hana mutum gane ɗanɗanon tuwo, amma ban taɓa faɗa mata ba. In ta ce, "Ina wuni, Malam?" sai harshena ya naɗe. Akwai ranar da na tare ta da niyyar yau sai na faɗa, na ƙare da tambayarta ko an yi ruwa jiya a wajensu (katanga uku ce tsakanin gidanmu da nasu).

Ana nan sai bikin abokina Ɗanlami ya taso, a tsakiyar sanyi. Amaryar 'yar Ƙofa ce, za a kai ta gidan su Ɗanlami can wajen Doguwa, kuma Rabi ce babbar ƙawa. Ɗanlami ya dafa ni ya ce, "Mutumina, Barkono ce motar amarya, ba na son wata magana." Na ce a raina, shi ke nan, Allah ya kawo ranar. Tafiya mai tsawo, Rabi a motata, ni a kan sitiyari. In ban faɗa a nan ba, to ba ranar faɗa.

Sai na shiga Kano neman taya, wajen masu sayar da na hannu, waɗanda a lokacin ake kira 'yan Beljiyam. An nuna min na kowa da kowa, na yatsina fuska. Can a lungu na hango wasu guda huɗu masu zane zuru-zuru, kowacce an jera mata 'yan kawunan ƙusa suna ƙyalli. Na ce, "Waɗancan fa?"

Mai shagon ya ce, "Yallaɓai, waɗannan na sanyi ne. Su Turawa in sanyi ya shigo, su suke sa wa motocinsu."

Wallahi bawan Allah bai yi min ƙarya ba. Ni ne na yi lissafina: biki a tsakiyar sanyi, kuma duk ƙasar Kano ina aka kai Doguwa sanyi? Garin da ake cewa man shanu yana daskarewa a hannunka? Ai dama don Doguwa aka ƙera su. (Ku sani fa, labarin ƙasa nake koyarwa. Ni da bakina na sha bayyana wa ɗalibai yadda ƙanƙara take rufe titi a Turai. Ranar dai ilimin nawa a makaranta na baro shi.) Na ce a ɗaura min duka huɗun.

Tun a hanyar dawowa na ji ƙarar. Ƙusoshin nan suna cizon kwalta, ƙarrrr, kamar ana zuba tsakuwa a kan kwanon rufi. Motar kuma ga ta ƙasa-ƙasa, duk ƙarar ciki take shigowa. Na ce sabon ɗauri ne, za su lafa. Da na shigo Ƙofa ma har wani daɗi na ji, don ba wanda bai leƙo ba.

Ranar kai amarya da hantsi muka tashi, saboda a ratsa dajin Falgore a dawo da sauran rana. Aka haɗa mu da Gwaggo Tabawa, ƙanwar baban amarya, mace mai jiki da baki. Ta dubi yadda ake kwantar da kujera kafin a shiga baya ta ce, "Ni ba za a cusa ni a akurki ba." Ta zauna gaba. Amarya tana ta kuka cikin lulluɓi, Rabi kuma ta zauna daidai bayana, da shuɗin mayafi da lalle har wuyan hannu. Na gyara madubi, ba don motocin baya ba.

Muna hawa kwalta kukan amarya ya ɓace. Ba wai ta daina ba ne, ji ne ba a yi. Kafin Kwanar Dangora Gwaggo ta juyo ta ƙwala min, "Ɗan nan! Mota ce ko injin niƙa?" Na ƙwala mata, "Tayoyin sanyi ne, Gwaggo!" Ta ce, "Iye?" Na sake. Ta ce, "Amin, amin!" ta ja mayafi ta toshe kunnuwa.

A nan shaiɗan ya kawo min dabara. Na ce ai wannan ƙarar rufin asiri ce. Gwaggo ba ta ji, amarya tana fama da kanta, Rabi kuma ga ta a bayan ƙeyata. Sai na ɗan karkata na ce a hankali, "Rabi, akwai maganar da na daɗe ina son yi miki." Ko motsi. Tana kallon gonakin da aka girbe ta taga. Da muka wuce Tudun Wada na ƙara murya, na ce, "Rabi, na ce akwai magana!" Ba ta ko waiwayo ba. A dajin Falgore na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har da cewa ina ganinta a mafarki, duk ƙusoshi suka cinye.

Can sai na hango motar da ta ɗauko su Ɗanlami a gaba ta sa sigina za ta sauka daga titi. Ƙauyen ya zo ke nan. Zuciyata ta ce, yanzu ko ba har abada. Na cika ƙirji da iska, na tattaro muryar da nake tsawata wa 'yan aji uku da ita, na karya sitiyari, na ce:

"RABI, WALLAHI INA SONKI!"

Abin da ban sani ba, ƙusa ba ta ƙara a kan yashi. Daidai lokacin da na buɗe baki tayoyin suka bar kwalta, motar ta yi tsit. Muryata kaɗai ta fita, ta cika mota, ta fice ta taga. Wani Bafulatani da yake tsaye bakin hanya da sanda a kafaɗa ya waiwayo, shanunsa ma suka ɗago kai.

Innalillahi. Na so ƙasa ta tsage in shige, ni da Barkono gaba ɗaya.

Gwaggo Tabawa ta sauke mayafi daga kunnuwanta a hankali, ta ƙare min kallo, ta ce, "To, madalla. Mun ji. Ka ga har baƙon can ya ji. Sai dai ɗan nan, mu a wajenmu manya ake turawa, ba a shela." Amaryar da take kuka tun asuba sai ga kafaɗunta suna rawa cikin lulluɓi, dariya take. Rabi kuwa ta kifa fuska a cinya, ban ga komai ba sai shuɗin mayafi.

Kafin in kashe mota labarin ya riga ni shiga gidan biki. Na ƙi cin shinkafa, na laɓe bayan wani rumbu, 'yan mata suna wucewa suna cewa, "Sannu, Malam Wallahi." (Sunan nan ya bi ni har makaranta.)

Bayan la'asar muka juyo, ni da Gwaggo da Rabi, don washegari Rabi za ta koma makaranta. Na ratsa yashin nan idona a kan hanya. Muka hau kwalta, ƙara ta dawo, Gwaggo ta jingina kai ta fara gyangyaɗi. Muna tsakiyar daji, rana ta yi ja tana ratsowa ta cikin bishiyoyi, na saci kallon madubi. Rabi tana kallona. Ba ta kau da kai ba. Sai na ga leɓɓanta suna motsi. Magana take yi min, mai ɗan tsawo, a natse, idonta cikin nawa. Ban ji ko harafi ɗaya ba.

Ga birki a ƙarƙashin ƙafata. Da na taka na gangara gefe na ce, "Me kika ce?" da shi ke nan. Amma kunyar ɗazu ba ta sake ni ba, ga tsoron kada Gwaggo ta farka. Sai na yi abin da sakarkaru suke yi in ba su ji ba: na yi murmushi, na gyaɗa kai, na ce, "To, ba komai."

Ta ɗan tsaya tana kallona, sannan ta mai da fuska taga. Har Ƙofa ba ta sake duban madubin ba.

Na yi ta cewa gobe zan aika, in ta dawo hutu zan tambaye ta, bari surutun mutane ya lafa tukuna. Kafin ya lafa aka sa mata rana da wani ma'aikacin gona daga Saminaka. Na tambayi Gwaggo ko ta ji wani abu ranar, ta ce, "Ni da nake barci? Kai da kake farke me ka ji?"

Yanzu na yi furfura, ina da jikoki, alhamdulillahi ban rasa komai ba. Amma ban san ko cewa ta yi in turo manyana ba, ko haƙuri ta ba ni, kuma ina kewar amsar nan kamar yau aka yi. Abin da na koya dai shi ne, sanyin Doguwa ba na Turai ba ne. Sannan in mutum yana yi maka magana ba ka ji ba, kada ka ce masa ba komai. Ka tsai da motar.