Yadda Ake Hana Mai Bashi Ƙwace Keke

Kai da ka ɗauki keke bashi, kaka ta zo ta wuce ba ka biya ba, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, ba mai raba ka da kekenka, ko da ya zo da ɗan doka. An gwada su a kan Gwadabe ɗan koli na Rogo Sabon Gari, kuma sun yi aiki sarai har zuwa inda shi da kansa ya ɓata su.

Mataki na ɗaya: Karɓi keken tun gyaɗa tana ƙasa

Alkawarin kaka ya fi kowane alkawari sauƙin ɗauka, domin lokacin ba wanda ya ga gyaɗar. Haka Gwadabe ya yi da Alhaji Barau, mai sayen gyaɗa a Karaye, wanda ke kawo kekuna daga Kano. Kuɗin kafin alƙalami kuwa kada ya fito daga aljihunka. Gwadabe awakin matarsa Turai ya sayar, ya rantse mata zai mayar da su har da 'ya'ya. Da gyaɗar ta zo, rabi ya tafi haraji, sauran ya tafi madubi biyu, ƙararrawa da tuntayen ulu. Wannan ba ɓarna ba ce. Keke marar ado ai kowa zai gane na bashi ne.

Mataki na biyu: Kashe mai karɓar bashi da gaisuwa

Za a turo maka mutum. Shi Gwadabe, Malam Muntaka aka turo masa, wakilin Alhaji, dattijo mai sanyin magana wanda bai taɓa katse gaisuwar kowa ba. Yi amfani da wannan rauni. Tambaye shi gida, gajiya, iyali, ruwa, ƙafar Alhaji, jakin maƙwabcinsa. In ya buɗe baki zai ce "dama", ka koma kan gajiya. In aka kira salla, ka tsawaita nafila. Malam Muntaka ya sha komawa Karaye cikinsa cike da fura, bai samu inda zai saka maganar kuɗi ba.

Mataki na uku: Ɓatar da keken

Gaisuwa tana ƙarewa. Ranar da aka ce maka Alhaji yana son ganin keken da idonsa, nemi rumbu, amma ba naka ba. Gwadabe na surukinsa Malam Sulle ya zaɓa, a Beli. Ya bari tsohon ya tafi gona, ya ɗage murfin, ya zura keken, ya lulluɓe shi da dammunan dawa. Daga nan ya dawo Rogo a ƙasa yana salati, wai ɓarayi sun tare shi a hanya.

Za a zo jaje, ka karɓa da fuskar da ta dace. Wasu za su kawo taro, wasu sisi, duk ka sa hannu biyu. Malam Muntaka ma ya zo da goro daga Alhaji, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ƙara da cewa ɓarawo keke ya ɗauka, bashi kuwa ya bar shi inda ya same shi.

Mataki na huɗu: Yi haƙuri da nasararka

Yanzu kana da keke wanda ba mai iya ƙwacewa, kuma kai ma ba ka iya hawa. Gwadabe ya koma ɗaukar kolinsa a ka. Gaskiya abin ya yi masa ciwo, don yana son keken nan so na tsakani da Allah. Ya riƙa zuwa Beli gaida suruki ba dalili, ya zauna gindin rumbu yana kallonsa. Malam Sulle har yana faɗa wa mutane bai taɓa ganin suruki mai zumunci irin mijin Turai ba.

Mataki na biyar: Kada ka yi wa maroƙi raɗa

Nan Gwadabe ya faɗi, don haka buɗe kunnenka. Turai ta haihu, aka taru suna, har da Malam Muntaka, domin bashi ba ya hana zumunci. Aka raɗa wa yarinya Jamilatu, aka raba goro, Jibo maroƙi ya miƙe. Ya fara da Lawal mahauci, abokin hamayyar Gwadabe tun suna yara, ya kira shi mai dokin ƙarfe tilo a Rogo. Da ya juyo kan uban jaririya sai ya sassauta murya, ya kira shi tsohon mai keke, mai haƙuri da tafiyar ƙasa. Lawal ya yi murmushi.

Murmushin nan ne ya kashe Gwadabe. Ya jawo Jibo gefe, ya danƙa masa sule guda, ya ce masa a kunne ya daina cewa tsoho, keke yana nan lafiya lau a rumbun Beli. Ya manta cewa tun da aka fara roƙo, in ka ba maroƙi kuɗi tare da magana, to ka saye shi ne ya faɗa wa jama'a.

"Sule guda daga Gwadabe na Turai!" in ji Jibo, yana ɗaga kuɗin sama. "Ya ce a gaya wa maƙiya kekensa yana nan, a rumbun Malam Sulle, ko rana ba ta taɓa shi!"

Malam Muntaka ya ƙarasa tauna goronsa, ya sa wa jaririya albarka, sannan ya ce, "Malam Gwadabe, in an watse ko za ka raka ni Beli? Na daɗe ban gaida surukinka ba."

Mataki na shida: Rabu da shi da mutunci

Ga abin da zai biyo baya, ka shirya. Alhaji zai ce abin da ka biya kuɗin haya ne. Ɓeraye sun cinye sirdi, shi ma a wuyanka. Masu jaje za su dawo karɓar taronsu da sisinsu. Masu ba ka koli bashi za su ce kaya sun ƙare. Suruki zai gane ba shi ake zuwa gani ba. Matarka kuwa, kamar Turai, ba za ta ɗaga murya ba, kullum dai za ta share garken awaki da ba ko akuya ɗaya a ciki, daidai lokacin da kake karyawa.

Amma da aka fito da keken aka buga masa iska, sai ta bayyana Malam Muntaka bai iya hawa ba. Dole Gwadabe ya naɗa tsumma a mazaunin sirdi, ya goya shi zuwa Karaye. Bai taɓa jin daɗin tuƙi irin na ranar ba. Ya bar miƙaƙƙiyar hanya ya zaga ta Kafin Dafga, yana kaɗa ƙararrawa ko ba kowa a gabansa. Malam Muntaka ya san hanyar sarai, amma ya ƙyale shi. A ƙofar Alhaji, Gwadabe ya goge ƙurar madubin da hannun rigarsa, ya jingine keken, ya juyo Rogo a ƙasa.

Wanda ya bi matakan nan ya rasa keke, awaki ko suruki, kada ya neme ni a gaban alƙali. Ni shawara na bayar, ba ni na sa shi ya gayyaci maroƙi ba.