Rasuwar Goggo, Kwamfutar Ƙarƙashin Tebur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, daga ofishin da ya yi tsit, nake sanar da rasuwar Goggo, baƙar kwamfutarmu da ke ƙarƙashin teburin bakin taga. Ta cika ranar Talata, ƙarfe goma da minti ashirin na safe, tana da shekara goma sha ɗaya.

Ga wanda bai san ta ba: mu biyar muke kula da wata ƙaramar manhaja mai lissafin kwanan wata, wadda wasu ke ɗauka su gina nasu aikin a kanta. Shekara tara, duk sabon bugun manhajar da muka fitar, ta hannun marigayiya ya fita, da hannun Yaya, babbarmu a ofis. Aikin Yaya ke nan: ta zauna gaban Goggo, ta bi matakai goma sha huɗu da aka manna a bango, ta tura wa duniya.

Marigayiya ba ta da gaggawa. Minti arba'in take yi tana haɗa bugu ɗaya. Takan fara da "firrr", ta koma "gur-gur-gur", in ta gama ta ce "ɗit" sau ɗaya. Dogo, abokin aikinmu, yakan ce kafin Goggo ta gama jariri ya yi haƙori. Yaya takan ce masa ya fara koyon rubuta abin da ba ya rushewa, sannan ya zagi manya.

A cikin minti arba'in ɗin Yaya ba ta da abin yi, sai ta sa tabarau ta karanta duk abin da muka canza, layi bayan layi. Wannan ba ya cikin matakan bango. Na duba tarihin aikinmu: sau talatin da ɗaya ta tsayar da bugu kafin a ji "ɗit".

Jinyar ta fara wata huɗu da suka wuce, kuma ni ne sanadi. Na kafa tsari mai sarrafa kansa: da an amince da gyara, wata na'ura a nesa ta gwada, ta haɗa, ta fitar, cikin minti uku. Matakai goma sha huɗun duk na kwafa, ban bar ko ɗaya ba. Aka kashe Goggo. Kwanan baya shugabannin kamfani suka tambayi abin da Yaya ke yi yanzu, na miƙa musu takardar bango. Suka ba ta takardar sallama zuwa ƙarshen wannan wata.

Ranar Litinin sabon tsarin ya fitar da bugu, gwaji duka ya nuna lafiya lau. Bugun yana tsallake kwana ɗaya a Fabrairu. Yaya ce ta gani, don har yanzu tana karantawa, sai dai ya riga ya fita. Kafin la'asar wani kantin magani ya rubuto cewa ranakun lalacewar magungunansu sun goce.

Washegari Yaya ta kunna Goggo don a dawo da tsohon bugu. Ta yi "firrr". Ta yi "gur" sau biyu. Sai ƙauri.

Na kai wa shugabanni lissafin talatin da ɗayan nan. Suka ce ba ya cikin takardar da na ba su. Gaskiya suka faɗa.

Marigayiya ta bar allo mai tsaguwa a gefe, da madannan da rabin haruffansu suka goge, da takardar bango, da Yaya zuwa Juma'a.

Za a yi jana'iza ranar Juma'ar, ƙarfe huɗu, a ɗakin ajiya na ƙasa. Dogo ya nemi ya ɗauki gawar. Yaya ta ce ya bari, ai dama za ta sauka da kwalin kayanta, hanya ɗaya ce.

Ana karɓar gaisuwa a teburin bakin taga. Ana roƙon duk mai zuwa ya zauna minti arba'in. Akwai abin karantawa.