Bari Ya Gasu Tukuna

Ruwan sama ne ya kore ni da tsirena daga tsakar gida. Ni da nake ganin na fi mahautan Bici iya gashi, sai na kai kaskon gawayi ɗaki na rufe ƙofa. Can kaina ya fara juyawa, jikina ya mutu. Ƙofa ta buɗe a hankali, ga wani dogon abu fari fat cikin hayaƙi, ba fuska, yana kiran sunana. Na tabbata mutuwa ce ta zo. Na ce, "Don Allah bari ya gasu tukuna."

Ashe Inna ce ta rufe hanci da farin mayafi. Da ƙafa ta jawo ni waje.

Har yau, ko gona aka kira ni, sai wani ya ce, "Ku ƙyale shi, bai gasu ba."