Wuƙar da Na Mayar wa Ɓarawo

Ba zan taɓa mantawa da kakar masarar nan ba, lokacin ina shekara ta biyu da fara koyon kareti a Funtuwa. Kullum bayan la'asar muke taruwa a filin wata firamare, ƙafa ba takalmi, malaminmu, Malam Sabo, yana gaba da baƙar ɗamararsa. Ina ƙaunar wannan lokaci. Rana ta yi sanyi, ƙamshin gasasshiyar masara yana tasowa daga bakin titi, ni kuwa ina ta naushin iska, ina hango kaina a wata ƙasa mai nisa ana ɗaga hannuna sama.

Darasin da na fi gwanancewa shi ne ƙwace wuƙa. Abokin karawarka zai kawo maka suka da wuƙar katako, ka goce, ka murɗe masa hannu, ka karɓe ta. Sai ka miƙa masa abarsa da hannu biyu, ka ɗan rusuna, a sake. Haka za a yi ta yi har a kira magariba. Malam Sabo yakan ce, "Ku yi ta maimaitawa har jiki ya haddace. Ranar gaske babu lokacin tunani."

A kakar ne ɓarayi suka addabi gonar Kawu Isiya, ƙanen mahaifiyata, a Maska. Na cika baki a gabansa (cika baki kam ba a koya mini ba, da shi aka haife ni). Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai mai dukan iska? To, tsare mini ita har a gama karya. In ba a ɗauki ko zangarniya ba, gefen fadamar nan naka ne."

Ni da ban mallaki ko taku ɗaya na ƙasa ba! Kwana takwas ina kwance gindin ɗorawa, ganyen masara yana kaɗawa, gajimare yana wucewa a hankali. A raina har na shuka tumatir a fadamar, na sayar, na sayi babur, na yi aure.

Rana ta tara da hantsi na ji ƙaras-ƙaras cikin masara. Na leƙa, sai ga wani siririn mutum da buhu ya kusa cika. Na daka masa tsawa, shi kuma ya zaro wuƙa, ta ƙarfe, tana sheƙi. Abin da ya biyo baya kamar a mafarki ya faru, komai a sannu. Ya kawo suka, na goce, na murɗe, sai ga wuƙa a hannuna. Daidai nan Kawu ya ɓullo da 'yan ƙodago biyu, har ya fara cewa, "Yauwa, ɗan albarka!"

Sai na haɗa ƙafafuna, na miƙa wa ɓarawon wuƙarsa da hannu biyu, na rusuna.

Ɓarawon ya dubi wuƙar, ya dube ni, ya karɓa. "Allah ya saka da alheri," in ji shi. Ya saɓa buhunsa ya shige cikin dawar maƙwabta. Ba wanda ya bi shi, wa zai bi mai wuƙa?

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kawu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Gyara hularsa kawai ya yi ya ce, "Ai da ka kama masa buhun ya ɗauka, ɗana, da ladan ya fi cika."

Fadamar dai ba ni na samu ba, kuma na fi shekara ban taka Maska ranar kasuwa ba. Abin da na tsira da shi ɗaya ne: duk abin da za ka maimaita sau dubu, ka duba ƙarshensa da kyau, don ranar gaske har da shi jikinka zai yi, bai kuwa nemi shawararka ba.